JIƘON DA BABA YA KAWO

Shafi na 23

Masu ƙorafin na bar Ikrima a gadon asibiti na tafi yawona, to an sallamo shi. Ku gyara zama.

*

"Ummu, don Allah. Ƙwaya ɗaya."

Ikrima ya faɗa yana cije leɓe, gumi na bin wuyansa. Kwana shida ke nan da likitoci a Birnin Kudu suka tsaga masa cinya suka sa ƙarfe, bayan babur ya kife da shi a hanyar Sara. Shekaranjiya aka dawo da shi gidan mahaifinsa a Gwaram.

Matarsa Ummussalma ta duba agogon wayarta.

"Huɗu da rabi. Sai shida, Abban Safiya."

"Awa ɗaya da rabi? Ke kin san me nake ji kuwa? Kamar an samu kafinta yana buga min ƙusa a cikin ƙashi."

"Ban sani ba. Amma ga farasitamol ka sha ɗazu, bari in ƙara maka matashi a ƙarƙashin ƙafar."

"Ki riƙe matashinki!"

Ba ta ji haushi ba. Ta ɗaga ƙafar a hankali ta tura matashin, ta jiƙa tsumma ta goge masa fuska.

"Zage ni son ranka," ta ce. "Kai ka sa ni rantsuwa. Ana tura ka ɗakin tiyata ka riƙe min mayafi ka ce, Ummu, ko na yi kuka, ko na zage ki, kar ki ba ni kafin lokaci. Ko ka manta?"

Bai manta ba.

Shekara tara ya yi yana shan giya, tun yana jan tirelar hatsi zuwa Kudu. Wata ashirin yanzu rabonsa da ita. A duk faɗin Gwaram babu wanda ya san ya taɓa sha sai matarsa. Da za a yi masa aiki ya daure ya faɗa wa likita da wata ma'aikaciyar jinya, Sista Juliana. Likitan ya ce jikin da ya taɓa sabawa da maye yana saurin kama ƙwaya mai ƙarfi, ga shi maganin da za a ba shi dangin tiramol ne. Shi ya sa aka damƙa ƙwayoyin a hannun Ummu, uku a rana, sannan biyu, sannan ɗaya, a yanke. Ta ƙulle su a haɓar zaninta, ko wanka da su take shiga.

"Rabi ma ya isa," ya ce da ƙaramar murya. "Ki ɓalla min rabi."

"Abban Safiya, kalle ni. Ja numfashi. Mu yi salati goma tare."

"Wane salati!"

Ba shi ya faɗa ba. Labule ne ya tashi, mahaifiyarsa Inna Mero ta faɗo ɗakin da muciya a hannu, tun daga madafi.

"Ke, Ummu, ina jin ki tun ɗazu. Yaro yana roƙon ki magani kamar mai roƙon sadaka, ke kuma kina kallon agogo? Agogon ne ya karye ko ɗana?"

Ummu ta durƙusa, ta ja mayafi.

"Inna, likita ne ya ce sai bayan awa takwas."

"Likita yana Birnin Kudu yana shan fanka! Kwance haɓar zanin nan."

"Inna, ki yi haƙuri."

"Iye? Ni kike ce wa in yi haƙuri? Wata tara na ɗauke shi, ban taɓa hana shi ko kokon safe ba. Ke da aka kawo jiya jiya daga Dingaya har kin zama sarkin magani? Ikrima, yi magana mana!"

Ikrima ya juya fuska bango.

"Inna, ki ƙyale ta. Ni na ce ta yi hakan."

"Ai ka ji! Ta gama da kai. Ciwo na cin ka kana kare ta."

"Salamu alaikum."

Muryar ta cika ɗakin. Malam Iliyasu ne, mahaifin Ikrima, ladanin masallacin unguwa shekara talatin da ɗaya. Daga sallar la'asar yake, carbi a wuya, fuskarsa a sake kamar wanda ya zo da albishir.

"Mero, har zaure ake jin ki. Ajiye muciyar nan kar ki ƙara karya shi."

"Malam, gara da ka zo. Surukarka ta hana shi magani."

"Ƙyale yarinya, abin da aka ce mata take yi." Ya zauna a bakin katifar ya dafa goshin ɗansa. "Sannu, ɗan nan. Kwana biyu ina jin nishinka har ɗakina. To an gama. Yau za ka yi barci."

Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya zaro gorar ruwa ta roba. Babu takarda a jikinta. Abin da ke ciki baƙi-baƙi ne kamar shayin da ya daɗe a wuta, ga saiwoyi da sassaƙe suna yawo a ƙasa.

"Jiƙo ne," ya ce yana girgiza ta. "Wani bawan Allah ke kawowa a mota ranar kasuwa. Ciwon baya, sanyin ƙashi, basir, duk yana kashewa. Ba irin ƙwayar bature ba da sai ta duba agogo kafin ta yi aiki."

Inna Mero ta yi guɗa ƙasa-ƙasa.

"Alhamdu lillahi! Kin gani? Riƙe naki ki dafa."

Malam ya murɗe murfin.

Warin ya fito.

Ikrima ya daina nishi.

Ƙarƙashin ɗacin saiwa da ƙamshin citta akwai wani abu mai kaifi da ya bi ta hancinsa ya sauka har ƙirji. Ya san shi kamar yadda ya san muryar uwarsa. Bakinsa ya cika da yawu. Cinyar da ke ci da wuta ya ma manta da ita.

Ogogoro ce, giyar nan ta Kudu. Tsantsarta, an jefa mata itatuwa.

"Ummu, miƙo kofi."

Ta miƙa kofin silba da hannu biyu, kanta a ƙasa. Malam ya tsiyaya har rabi, ya kai bakinsa kusa ya yi tofi, ya karanta Fatiha ya shafa.

"Bismillahi. Karɓi. Yana da ɗan zafi a maƙogwaro, ka daure ka haɗiye gaba ɗaya."

Ikrima ya kalli kofin.

Wata murya a cikin kansa ta fara magana a natse. Kai ka saya? Ba kai ka saya ba. Mahaifinka ne ya ba ka, ladani guda, da Fatiha a kai. Wa zai ce ka sha giya? Magani ka sha. Umarnin uba ka bi.

Hannunsa ya tashi da kansa. Ya karɓa.

Ummu ta ɗago kai don ta ga ko zai iya zama, sai idonta ya faɗa kan fuskarsa. Ta san wannan kallon. Ta san yadda hancinsa yake buɗewa. Sannan iska ta kawo mata warin, warin da ta yi shekaru tana wankewa daga rigunansa a ɓoye kafin gari ya waye mutanen gida su ji.

Maganar Sista Juliana ta dawo mata da gurɓatacciyar Hausarta: Madam, ko kaɗan giya ya haɗu da wannan magani, numfashi zai iya tsaya. Ba wasa.

Kofin ya kusa leɓensa.

"Kar ka sha!"

Ta yi tsalle ta fizge kofin. Rabi ya zube a zaninta, rabi ya rage.



Shekara bakwai da aurenta, ko sunan surukinta ba ta taɓa faɗa ba. Ko abinci ba ta taɓa ci a gabansa ba. Yau ta ƙwace abu daga hannun ɗansa, abin da shi ya yi wa tofi.

"La'ilaha illallahu!" Inna Mero ta dafe ƙirji. "Malam, ka gani da idonka? Ka gani?"

Malam Iliyasu bai ɗaga murya ba.

"Ummussalma. Guba na kawo wa ɗana?"

"A'a, Baba."

"To me na kawo?"

Ta kalli mijinta. Idonsa na kan kofin da ke hannunta, ba kanta ba.

"Likita ya ce... kar a haɗa da wani magani, Baba."

"Sai ki faɗa da baki. Fizga ta mece ce?"

Hawayenta ya fara ɗiga a tabarma.

"Ni zan faɗa maka," in ji Inna Mero. "Ba ta son ya warke! Ta hana na asibiti, ta hana na gida. To wallahi ba a gidan nan ba. Tashi ki haɗa kayanki, akwai motar Dingaya kafin magariba. Ki kwance maganin ki ba ni, ni zan yi jinyar ɗana. Duk sanda ya ce wash, in ba shi biyu!"

"Inna, don girman Allah..."

"Tashi na ce!"

Ummu ta sake kallon Ikrima. Kalma ɗaya za ta wanke ta, amma ta riga ta yi alkawarin ba daga bakinta za a ji ba. Ta ajiye kofin a ƙasa, ta fara kwance haɓar zaninta.

Ikrima ya hango abin da ke tafe. Ummu a mota. Ƙwayoyi a hannun Inna. Gora a gefen matashinsa safe da yamma, da albarkar iyaye.

Wani ɓangare na zuciyarsa har murna yake yi.

Wannan murnar ce ta tsorata shi.

"Ummu, ɗaure zaninki."

Duk suka juyo.

"Inna, ba ni ashana."

"Ashana kuma? Ciwon ya taɓa maka kai?"

"Akwai a kan taga. Ummu, miƙo min. Da farantin can."

Ya yunƙura ya tashi zaune, azaba ta sa shi kiran sunan Allah da ƙarfi. Ya karɓi farantin tangaran ya ɗora a kan tabarma.

"Baba, tambaya zan yi, ka gafarce ni. Jiƙon nan, da me aka jiƙa shi?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Da me ake jiƙo in ba ruwa ba?"

"Ruwa yana kama wuta?"

"Ikrima!"

"Ummu, zuba abin da ya rage."

Ta juye kofin a farantin. Ya ƙyasta ashana. Ta farko ta karye. Ta biyu ta kama, ya kai ta bakin ruwan.

Fuu!

Wuta shuɗiya ta tashi ta bi farantin ta zagaye, tana rawa ba hayaƙi.

Inna Mero ta yi baya ta bugi ƙofa, muciya ta faɗi.

"A'uzu billahi! Aljanu! Malam, aljanu a cikin maganin!"

"Ba aljanu ba ne, Inna. Giya ce. Wadda ake cewa ogogoro. Ita suke zubawa a kan saiwar, don ita ke sa mutum ya ji ciwon ya tafi. Da na sha ta a kan ƙwayar da ke jikina, ƙila da sai dai ku tashe ni ku ga ba na motsi. Abin da Ummu ta hana ke nan."

Wutar ta ci ta mutu. Ɗan baƙin ruwa ya rage a tsakiyar farantin.

Inna Mero ta juya ta kalli surukarta.

Malam Iliyasu bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon farantin. Da ya ɗago, ba gorar ya kalla ba.

"Gorar nan babu rubutu a jikinta."

"Babu, Baba."

"Ba ka ɗanɗana ba."

"Ban ɗanɗana ba."

"Ni shekarata sittin da takwas, ban san warin giya ba. Uwarka ba ta sani ba. Kai daga buɗe murfi ka gane ta, har da sunanta, har ka san tana cin wuta." Ya gyara zama. "Wa ya koya maka?"

"Malam, ai direba ne, yana gani a hanya..."

"Mero, ba ke na tambaya ba."

Ummu ta girgiza wa mijinta kai a hankali. Akwai hanyar fita, Inna ta riga ta buɗe masa. Ya ce a tasha yake gani, shi ke nan.

Ikrima ya kalli mahaifinsa.

"Ba gani na yi ba, Baba. Sha na yi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Inna ta zube a ƙasa.

"Shekara tara. Duk azumin da na ce muku aiki ya riƙe ni a Kudu, ba aiki ba ne, kunyar ku ji warin bakina nake. Tirelar da na ce mai ita ya sayar, korata ya yi daga aiki. Wata ashirin ke nan da na daina. Yarinyar nan da kike kora, Inna, ita ta kulle ni a ɗaki kwana biyar ina amai ina zagin ta, har sai da ta ga zan mutu ta kai ni asibiti a ɓoye. Maganin da take hana ni, ni na roƙe ta. Jikina ba irin naku ba ne. In na samu ƙofa, ba na tsayawa."

"Ƙarya ne," in ji Inna tana kuka. "Ɗana mai sahun farko? Ƙarya kake, zafin ciwo ne."

"Ɗazu da Baba ya miƙo min, sha zan yi, Inna. Na san mece ce, kuma sha zan yi."



Ikrima ya rufe ido yana jiran mari. Ko tsinuwa. Ko a ce ya bar gidan da karyayyiyar ƙafarsa.

"Mero, fita. Ummussalma, Allah ya yi miki albarka, ke ma ba mu wuri."

Suka fita, labule ya sauka.

Malam ya ƙara matsowa kusa da ɗansa. Muryarsa ta koma kamar ta mai raɗa.

"Ba yau zan yi maka faɗa ba. Faɗan yana nan. Yanzu tambaya zan yi, ka ba ni gaskiya."

"To, Baba."

"Da ka daina... me ka ji?"

Ikrima ya buɗe ido.

"Gumi. Rashin barci. Zuciya ta riƙa bugawa kamar za ta fito. Hannu ya kama rawa, ko kofi ba ka iya riƙewa."

"Daga kwana nawa yake farawa?"

"Tun ranar farko. Na biyu da na uku su ne masu haɗari, likita ya ce wasu har farfaɗiya suke yi, shi ya sa ba a yankewa kai tsaye sai a asibiti. Baba, me ya sa..."

Malam ya zaro hannayensa daga cikin babbar riga ya miƙa su gaban ɗansa.

Rawa suke. Yatsun na karkarwa, zoben azurfarsa na ƙyalli yana motsi.

"Ɗazu da ƙyar na tsiyaya maka, na danne gorar da gwiwa don kar uwarka ta lura. Na ɗauka tsufa ne."

"Baba..."

"Shekara huɗu nake shan jiƙon nan. Da murfi ɗaya na fara, saboda bayana. Yanzu rabin gora kafin in kira asuba, rabi in zan kwanta." Hawaye ya gangaro cikin farin gemunsa. "Da shi a cikina nake cewa Allahu Akbar, Ikrima. Jama'a suna tashi da muryata."

"Ba ka sani ba, Baba! Wallahi ba ka da laifi, yaudarar ka aka yi!"

"Mai motar bai zo kasuwar da ta wuce ba. Gora ɗaya ta rage min. Da na ji kukanka sai na ce ni na iya haƙuri, bari in ajiye wa yaron nan."

Ikrima ya riƙo hannun mahaifinsa.

"Yaushe rabonka da sha?"

"Tun ranar da aka dawo da kai."

Kwana biyu cur. Yau na uku ya kama.

"Ummu! Ummu, zo! Kira Sista Juliana yanzu yanzu, Baba ma jiƙon nan yake sha!"

Malam ya miƙe tsaye yana kakkaɓe hannun rigarsa. Idonsa na kan bango.

"Kai, wa ya bar tururuwa haka a ɗakin mara lafiya? Dubi yadda suka rufe bangon. Ga su har a jikina."

Bangon fari ne tas. Ko ƙuda babu.

"Baba, zauna! Don Allah zauna!"

Ya yi taku biyu zuwa ƙofa, ya kama labule, labulen ya tsinke da shi. Jikinsa ya sandare, ya faɗi rabi a ɗaki rabi a tsakar gida yana fizga.

Ihun Inna ya tashi unguwa. Ummu na ihu a waya, "Sista, ba Ikrima ba, babansa ne! E, giya, a cikin jiƙo! Mu juya shi gefe? To! To, ga mu nan!" Maƙwabta suka cika gidan. Wani ya ce a kawo ruwa, wani ya ce a yi tofi, Ummu ta daka musu tsawar da ba a taɓa jin ta da ita ba, ta ce mota za a nemo. Aka ciccibe shi. Ƙafafu suka yi zaure da gudu.

"Ku ɗauke ni! Ummu! Inna! Ku tafi da ni!"

Babu wanda ya ji.

Ƙarar mota ta tashi, ta yi nisa, ta ɓace.

Gidan ya yi shiru.

Cinyarsa ta dawo da sabuwar azaba, har haƙoransa na haɗuwa. Ya juya kai yana neman abin da zai cije.

A gefen katifa, inda Baba ya zauna, gorar na tsaye. Babu murfi. Ta fi rabi.

Warin ya cika ɗakin.

Ikrima ya kira sunan Allah sau uku.

Sannan ya miƙa hannu.